Ya'u Direba da Fasfon Malam Usuman

Duk wanda ya saba cin tuwon Juma'a a gidan Inno da ke Mahjar ya san Ya'u direba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gefen kunne, wanda yake ajiye baƙar motar ubangidansa can a bakin titi saboda lungun ba ya ɗaukarta, ya tako da ƙafa yana tsallake ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyi. Ba ya shiga hannu rabbana. Wani lokaci kwalin dabino ne da baƙi suka bari, wani lokaci man shafawa saboda gwiwoyin Inno. In ya zauna yakan cire agogonsa ya ajiye a gefen tabarma kafin ya sa hannu a kwano, alamar yau ba wanda yake jiransa.

Mutumin Ringim ne. Ya zo Jidda yana ɗan shekara ashirin da shida da bizar tuƙi, yanzu ya ba hamsin baya. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna gida, yakan je ya gan su in an ba shi hutu. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a hukumance, Abdulmohsen, yana da gidajen haya na bakin teku a Abhur, aikin Ya'u kuwa shi ne ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya kai su Makka, ya dawo da su, ya jira su a ƙofar kanti. Ɗakinsa yana jikin ƙofar gidan, gado ɗaya da murhun lantarki. Mutum ne mara yawan magana. Shekara ashirin da biyar a bayan sitiyari sun koya masa cewa direban kirki kunne gare shi, ba shi da baki.

A Jidda, kafin a tambayi Bahaushe garinsu an riga an auna takardarsa. Akwai likitoci da injiniyoyi da suka zo da kwantiragi, masu sa 'ya'yansu a makarantun Turanci. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama da aiki, irin Ya'u. Sai kuma waɗanda ake ce wa takari, mutanen lungunan Mahjar da Khumra, waɗanda wasunsu a nan aka yanke musu cibi amma ba su da ko katin da ke ɗauke da sunansu. Ya'u yana tsakiya: na sama suna gaishe shi daga kujerar baya, na ƙasa suna ce masa "mai iƙama" cikin wasa mai ɗan yaji. Amma ga mai jin haushi a kan titi duk ɗaya ne. Wata rana Ya'u ya ɗauko Dakta Ikrama, babban likitan ƙashi, sai wani matashi da suka tare wa hanya ya zuge gilashi ya daka musu tsawa da sunan rainin da ake jifan baƙar fata da shi, "Ya takruni!" Sai da suka wuce danja biyu Dakta ya ce, "Ka ga abin da mutanenka na Mahjar suka ja mana." Ya'u ya ce, "Allah Ya kyauta," ya ci gaba da tuƙi.

Mutanensa ne kuwa. A shekararsa ta farko, zazzaɓi da kewar gida sun kusa kayar da shi, sai wani tela mutumin Gumel, Malam Usuman, ya gan shi a masallaci yana rawar ɗari, ya kama hannunsa ya kai shi gida. Matarsa Inno ta dama masa kunun tsamiya kwana bakwai a jere. 'Yarsu Mastura tana 'yar shekara uku lokacin, ita ce ta fara ce masa Kawu, sunan ya bi shi.

Malam Usuman ya zo aikin hajji ne tun yana saurayi, bai koma ba. Inno kuwa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ta. In ta ce ita 'yar Sudan ce a ce mata ai Bahaushiya ce, in ta ce 'yar Nijeriya ce a tambaye ta sunan mai unguwarsu. Abin da gidan ya mallaka na shaida ɗaya ne tak: tsohon koren fasfon da Malam Usuman ya shigo da shi. Da ya ji jikinsa ya fara ƙi, sai ya naɗe shi a leda, ya samo jemammiyar fatar akuya ya ɗinke shi ciki da hannunsa kamar babbar laya, ya sa masa igiya. Tun rasuwarsa Inno ke rataye da shi a ƙarƙashin riga. In aka ce motocin jawazat, masu kamen marasa takarda, sun shigo unguwa, wasu kan nemi takalmi, wasu kan nemi katanga. Inno hannu take kai wa ƙirji.

Mastura ta girma ta zama gwanar lalle. Gida-gida take bi tana yi wa amare zane, har wata Balarabiya mai shagon kwalliya, Madam Areej, ta ce za ta zama kafilarta ta yi mata iƙama, in dai ta kawo fasfo na kowace ƙasa ce. Ta ba ta wa'adi zuwa bayan babbar Sallah. Fasfon ubanta ne kawai zai nuna cewa tana da ƙasa. Sau biyu Mastura ta shirya kai shi ofishin jakadanci, sau biyu Inno ta hana, don ta ji an ce wanda ya je da fasfon mamaci karɓewa ake yi a sa shi a jerin masu komawa. Ko gaskiya ne ko jita-jita, ba wanda ya je ya gani.

A haka azumin shekarar zaɓe ya same su.

Ya'u ya san 'yan siyasar gida kamar yunwar cikinsa. Duk Ramadan sukan cika gidajen Abhur, su yi Umara da safe, su yi ƙulle-ƙulle da yamma. A wannan shekarar wani mai neman jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa ya kama gida uku na Abdulmohsen, ya kwaso deliget kusan arba'in ya biya musu Umara. Shi kansa Ya'u sau biyu ya ɗauke shi. Wanda yake yawo da shi kullum shi ne hadiminsa, Honarabul Munzali, gajere mai waya uku, wanda ba ya kiransa da komai sai "Direba".

Ranar sha biyu ga azumi, suna dawowa daga Makka da Munzali da Dakta Ikrama a baya, Ya'u ya ji Munzali yana cewa, "Dakta, abokan hamayya sun ce Oga na masu kuɗi ne, bai san talaka ba. Taron da ƙungiyarku ta shirya yana da kyau, amma duk masu tabarau ne. Ni fuskoki nake so. Waɗanda rana ta ci."

"A ƙasar nan ba a taron siyasa," in ji Dakta.

"Wa ya ce siyasa? Shan ruwa ne."

Dakta ya yi 'yar dariya, ya nuna ƙeyar Ya'u da baki. "Ga mai su nan."

Munzali ya matso gaba har Ya'u ya ji ƙamshin turarensa. "Malam Ya'u," ya ce. Karon farko ke nan. "Mutum nawa za ka iya kawo mana?"

"Ranka ya daɗe, mutanen nan ba sa son taro. Ba sa son hoto."

"Ka ce musu duk mai matsalar takarda ya kawo, Oga zai sa a yi masa fasfo. Kai kuma daga yau kai ne kodinetanmu na Kudancin Jidda. Za a ba ka kati."

Ya koma ya jingina, ya ce da Dakta a hankali, amma ba a hankalin da zai hana direba ji ba, "Ai ba a kama kifi da ƙugiya tsirara."

Ya'u ya ji. Wannan ne abin da ba ya iya kewayewa in yana tuna labarin. Ya ji da kunnensa, ya gane, kuma da aka ba shi katin mai igiya ja da hotonsa a jiki, ya rataya a madubin mota yana kallonsa a kowace danja.

A gidan Inno, bayan an sha ruwa, ya faɗa wa jama'a. Abdallah mai wanki, tsohon abokin Malam Usuman, shi ya fara.

"Mu da ba mu da ƙuri'a, me zai yi da mu?"

"Hoto," in ji wani daga bakin ƙofa. "Akuya ma ba ta zaɓe, amma ranar rabon tallafi ita ce a gaba."

"Masu zaɓen ai suna otal hawa na ashirin, suna kallon Ka'aba ta taga."

"Ya'u, bar dogon zance," in ji Abdallah. "Akwai kaza?"

"Rago ne, Baba Abdallah."

"To ni ɗan jam'iyya ne tun kakana."

Aka yi dariya. Ba wanda ya yarda da maganar fasfo, amma ba wanda ya ƙi rago. Gida goma sha ɗaya suka ba da takardu, kuma duk kwafi ne. Abdallah ma kwafin wani tsohon katin asibiti ya miƙa, ya ce in sun iya yin fasfo da shi su yi wa jakin Gumel ma.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Ya'u ya biyo karɓar na ƙarshe. Yana sauri, don Munzali yana jiransa a Abhur kafin magariba. Ya tarar da Mastura da Inno sun ja daga.

"Kawu, faɗa mata," in ji Mastura. "Wallah in wannan ya wuce, khalas, shi ke nan, Madam ba za ta jira ni ba."

Inno tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ta dube shi ta ce, "Ya'u, mutumin nan naka, mai gaskiya ne?"

Nan ne ya kamata ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta kai nauyin ƙwayar gero ba. Amma katin yana aljihunsa, kuma ya riga ya hango kansa yana miƙa wa Munzali fasfo na gaske a cikin tarin kwafe-kwafe, abin da zai nuna lallai kodinetan yana da mutane. Ya kuma ce wa ransa, wa ya sani, watakila in sun ga na asali su ji kunya su yi.

"Manya ne, Inno," ya ce. "Magana ɗaya za su yi a Abuja."

"Ni ban san shi ba. Kai na sani."

Ta sa hannu ta ciro layar ta wuyanta. Fatar ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin shekaru. Ɗinkin Malam Usuman ya ƙi farkuwa da hannu, sai Ya'u ya ciro reza daga walat ɗinsa ya bi zaren ɗaya bayan ɗaya. Fasfon ya fito da ɗumin jikinta. Mastura ta buɗe shafin hoton, ta tsaya tana kallon wani siririn saurayi mai hula zanna wanda ba ta taɓa gani ba sai da gemu.

"Daƙiƙa, Kawu, in kai a yi kwafi."

"Shaguna sun rufe, sai bayan isha'i. Ni kuma ana jirana."

Ta ɗaga wayarta za ta ɗauka. Inno ta buge hannun.

"Kul! In suka tare ki waya suke fara buɗewa. So kike ki ba su shaida da hannunki?"

Haka mutanen lungun suka yi imani, kuma a kan haka suke rayuwa: mara takarda ba ya ajiye hoton takarda a waya. Ya'u kuwa mai iƙama ne. Wayarsa tana aljihun gaba, ba abin da zai same shi in ya ɗauki hoton kowane shafi. Bai tuna ba, ko kuma ya tuna ya ga lokaci; har yau bai iya rantsuwa a kan ɗaya ba. Ya sa fasfon a shuɗiyar jakar da sauran takardun suke, ya cusa fatar a aljihu, ya ce, "Sati biyu ne, insha Allah."

An yi shan ruwan a wani gidan hutu da aka kama a bayan Abhur. Ya'u ya yi sawu uku. Shi aka tsayar a ƙofa da katinsa a wuya yana raba mutane: masu tabarau zuwa kujeru, mutanen Mahjar zuwa darduma a can baya kusa da randar wanke hannu. Ya yi aikin da kyau. Har Dakta Ikrama ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kodineta!" a gaban matarsa.

Da aka kunna fitilun ɗaukar hoto sai tsarin ya juye. Munzali ya bi darduma yana zaɓe da yatsa. Ya tsallake Mastura, don ta sa abaya mai kyau, ya tsaya a kan Inno.

"Yauwa, wannan Hajiyar. Malam Ya'u, kawo ta gaba."

Inno, wadda rabonta da tsayawa gaban kyamara tun aurenta, ta dubi Ya'u. Ya gyaɗa mata kai. Ɗan takarar ya durƙusa a gabanta, ya riƙe gefen mayafinta, ya ce wa kyamara ba zai yi barci ba sai kowane ɗan Nijeriya da ke wata ƙasa ya san yana da uwa. Aka ɗaga shuɗiyar jakar sama aka yi kabbara. Da aka kashe fitilu ya miƙe, wani ya zuba masa man wanke hannu a tafi, ya shiga ciki inda aka shirya wa manya nasu teburin.

A hanyar komawa Abdallah yana sakace ya ce, "Inno, kin zama 'yar fim." Inno ta ce, "Hannunsa sanyi kamar na gawa." Motar ta ɗauki dariya. Washegari hoton ya zaga wayoyi har Nijeriya, magoya baya suna cewa ga mai tausayin talaka, 'yan hamayya suna cewa an yi hayar takari da shinkafa. Ba wanda ya tambayi sunan tsohuwar.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, baƙin suka tashi. Motoci sun cika maƙil da kwalayen dabino, turare, jallabiyoyi da dardumomin da za a raba wa deliget. Ya'u ya ɗauko shuɗiyar jakar daga falo yana neman inda zai cusa ta.

"Wannan fa?" in ji Munzali.

"Takardun mutane ne, ranka ya daɗe."

"Bar ta nan kan matakala. Sakatare yana biyo mu jibi, shi zai taho da ita."

Sakataren ya tashi tun jiya. Ya'u ne ya kai shi filin jirgi da hannunsa. Ya buɗe baki, sai ya ga ɗan takarar ya riga ya zauna a mota yana duba agogo, Dakta Ikrama yana tsaye ya zo rakiya, kowa yana jiran direba. Ya ce a ransa, in na dawo na ɗauke ta in mayar wa Inno abinta, shi ke nan. Ya ajiye jakar a matakala ta uku, ya ja mota.

Bai dawo ba sai bayan kwana biyar. Yana filin jirgi Abdulmohsen ya kira shi ya ce wasu baƙi sun sauka, Madina za su, yalla, ya hanzarta. Ya'u yana iya kiran mai gadi ya ce a ɗaga jakar. Ya yi niyya a Rabig kan hanyar Madina, ya yi niyya da ya tsaya shan mai, sai ya ga kamar in ya kira ya amsa wa kansa cewa tun farko ƙarya ce. Da ya dawo ya tarar an wanke gidan tas, har matakalar tana ƙyalli. Mai gadin, wani Bayamane, ya ɗaga kafaɗa ya ce masu shara sun kwashe duk abin da baƙi suka bari.

Ya'u ya bi sawu har Khumra, inda ake tara kwali da takarda ana ɗaure su dami-dami. Ya yi yini biyu a cikin zafin nan yana tona tsibi da hannu. Matan da ke tura keken jarirai cike da kwali, yawancinsu Hausawa, suka taru suna kallonsa. Da ya faɗa musu abin da yake nema, wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, da ɗayanmu ta ga fasfo da tuni an yi cigiya a masallaci. Mu ai mun san abin da yake." Ya koma mota ya zauna. Da ya buɗe aljihun gaban mota neman tsumma, sai ga fatar nan a kwance, baki buɗe.

Juma'a ta zo ya je tuwo. Inno ta ce, "Ina labari?" Ya ce, "Ana kan aiki."

Ranar zaɓen fid da gwani jama'a suka taru a tsakar gidan Inno da yamma, kowa da wayarsa yana kallon taron. Aka kira sunan ɗan takarar, ya hau mumbari da babbar riga, ya yi godiya ga Allah da iyayen jam'iyya, sannan ya ce saboda haɗin kai ya janye wa ɗan'uwansa, yana roƙon deliget ɗinsa su bi shi. Abdallah ya yi dariya har da tari.

"Ashe shi ma kwafi ne! To, rago dai mun ci, ba mai amayar da mu."

"Kodineta, yaushe za a rantsar da kai?"

"Minista zai samu, ku jira. Wanda ya janye ai shi ya fi cin riba."

Kowa ya yi ta jifa da tasa. Ba wanda ya ji ciwo, don ba wanda ya sa rai. Sai da dariyar ta lafa Inno ta ce, "To tunda abin bai yiwu ba, sai su maido mana abinmu ko, Ya'u?"

"Insha Allah, Inno."

Ya kira Munzali sau da yawa, ba don yana tsammanin wani abu ba, sai don in Mastura ta karɓi wayarsa ta ga ya kira. Layi uku, duk a kashe. Ya je wa Dakta Ikrama, Dakta ya ce shi taro kawai ya shirya, kuma wa zai ba ɗan siyasa takardar asali in ba rashin ilimi ba. Babbar Sallah ta zo ta wuce. Madam Areej ta ƙara wa Mastura wata guda, sannan ta ɗauki wata. Mastura ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dai ce, "Ma'alesh, ba komai, Kawu, in fasfon ya dawo akwai wasu shagunan." 

Abin da ya karya shi ƙaramin abu ne. Wata Juma'a suna cikin ci sai jiniya ta wuce a babban titi. Motar asibiti ce ma. Inno tana tsakiyar magana, hannunta ya tafi ƙirji da kansa, ya lalubi wurin, ya sake lalubawa, sannan ya sauko a hankali ya kwanta a cinyarta. Ba ta ma san ta yi ba.

Da mutane suka watse Ya'u ya ƙi tashi. Ya ciro fatar ya ajiye a tabarma tsakaninsu, ya faɗi komai a jere: maganar kifi da ƙugiya, katin, sakataren da ya kai filin jirgi da kansa, matakala ta uku, Khumra. Bai rage wa kansa ko ɗaya ba.

Mastura ce ta fara magana, Larabci da Hausa suna karo a bakinta. "Wata huɗu! Wata huɗu kana zuwa kana cin abincinmu, kana cewa ana kan aiki? Da ka faɗa tun ranar, da mun bi motar sharar da ƙafa! Lesh? Don me? Saboda su ce maka kodineta?"

"Saboda haka ne," ya ce.

Ba ta zaci zai amsa ba. Ta juya ta shige ɗaki ta saki labule.

Inno ta ɗauki fatar tana juya ta, tana bin ramukan allurar da yatsa.

"Shi ya ɗinka wannan, hannunsa na rawa," ta ce. "Kwana biyu ya yi a kai."

"Ki yafe mini, Inno."

"Su ban ba su komai ba, ba su ci amanata ba. Su ai haka suke, kowa ya sani, har Abdallah." Ta ajiye fatar a tabarma. "Yafiya ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni saura nawa? Ita ce za ta rayu ba ƙasa."

Ya zauna kansa a ƙasa. Can ya ce yana da hutu da ya tara, zai nemi Abdulmohsen ya sake shi. Ringim da Gumel ba nisa. In akwai dangin Malam Usuman da suka rage, ko mai unguwar da zai sa hannu cewa ɗansu ne, zai nemo su, ya ga abin da za a iya ginawa a kai. Bai ce zai yiwu ba. Ya gaji da cewa abu zai yiwu.

"Shekara kusan hamsin," in ji Inno. "Wa ya rage?"

"Ban sani ba. Sai na je."

Inno ta jingina da bango. Sannan ta fara, a hankali, kamar mai tilawa: sunan unguwar, kusa da marina, sunan uban Malam Usuman da sana'arsa, ƙaninsa mai tabo a goshi wanda aka ce ya koma Maigatari, wata ƙanwa Sadiyya da aka aurar a wani ƙauye mai rijiya biyu. Ya'u yana ta laluben aljihu neman biro.

Labule ya motsa. Mastura ta fito idonta jawur, ta miƙa masa hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Kawo wayarka."

Ya miƙa mata. Ta danna wurin ɗaukar murya, ta ajiye wayar a tabarma gaban uwarta, kusa da fatar.

"Ummi, sake daga farko." Sannan ta juyo gare shi. "A taka za a ajiye. Kai ne mai iƙama."

Ba ta ce Kawu ba. Inno ta gyara zama ta sake farawa daga marina, Ya'u kuwa ya zauna yana saurare, agogonsa a hannu bai cire ba, tuwon da aka zuba masa ya huce a kwano.